Ban Taɓa Ɗaukar Ki Kina Dariya Ba

Zuwa gare ki, Hajiya Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, amma tun muna makaranta aka koya mana cewa idan magana ta yi wa mutum nauyi, ya zauna ya rubuta ta a tsare.

Mutanen gida suna lafiya. Autarki Rabi tana zuwa daga Arkilla duk ranar Juma'a ta duba ni. Ƙafafuna sun ƙara nauyi, ko masallaci sai da sanda. Runjin Sambo ta cika maƙil, ƙarar keke da babura ba ta yankewa, amma cikin gidanmu shiru ne tun da kika tafi, shekara huɗu ke nan.

Abin da nake son shaida miki shi ne na sauya kyamara. Tsohuwar, wadda kike kira kishiyar da ba ta girki, ba ta lalace ba. Fim ne ya ɓace a kasuwa, mutumin da yake wanke mini hotuna a Sama Road kuma ya rufe shagonsa. Rabi ta raka ni muka zaɓo sabuwa. Ita ma ana leƙawa ta ƙaramar taga, ana kuma cire gilashin gaba a sauya wani, sai dai ba a sa mata fim. Wani ɗan kati ne kamar farcen babban yatsa, wai yana cin hotuna dubbai. Da ka danna, hoton zai fito a bayanta nan take.

Kin san tarbiyyar da fim ya yi mini. Hoto talatin da shida ne a naɗi ɗaya, saboda haka ban taɓa dannawa a banza ba. In tsayar da mutane, in ce kada wanda ya motsa, in riƙe numfashi, in danna sau ɗaya. Haka na ɗauki masunta a gulbi, na ɗauki raƙuma a kara, kasuwar dabbobi, na ɗauki bikin sunan kowane jika.

Ke kuwa duk lokacin da na juyo da ita wajenki, sai ki ja gefen ɗankwali ki shige madafa kina cewa, "Mi za a ɗauka gare ni? Tahi ka ɗauki gulbinka." Ni kuma sai in yi dariya in rufe gilashin, a raina ina cewa an yi tanadin guda. Na ɗauka kina nan kullum.

Yanzu hotonki ɗaya ne a gidan nan, na fasfon aikin hajji, wanda kika haɗe rai kamar an kai ki gaban alƙali. Ga abin da ban iya gaya wa Rabi ba: fuskarki ta fara kuɓuce mini. Muryarki tana nan, takunki yana nan. Amma in na rufe ido ina neman ki, wannan fuskar ta fasfo ce take zuwa, ita kuwa ba da ita na zauna shekara arba'in da biyu ba.

Shi ya sa da kaka ta yi, na roƙi mijin Rabi ya kai ni ƙauyenku wurin ƙanwarki Ige. Kowa ya san ta fi kowa kama da ke. Ban gaya wa kowa dalili ba, na ce gero nake son ɗauka.

Na tarar da ita a bayan gida tana sheƙa, ƙwarya biyu a hannu, ƙaiƙayi ya yi mata fari a gira. Wasan da ke tsakaninmu bai tsufa ba. Tana hango ni da sanda, ga kyamara rataye a wuya, ta ce, "Wanga wane irin ango ne, ƙahwa ukku da ido na wuya?" Na ce ta ajiye ƙwaryar ta tsaya cak. Ta tsaya, ta miƙe wuya, ta haɗe rai. Na leƙa, sai na ga fasfo na biyu zan ɗauka. Duk da haka na riƙe numfashi kamar yadda na saba, na danna.

Hannuna yana rawa yanzu, kin bar ni da farkon abin. Yatsan ya danna ya kasa ɗagowa. Ashe an saita kyamarar ne ta ci gaba da ɗauka muddin yatsa yana kai. Sai ta kama tat-tat-tat kamar keken ɗinki. Na firgita, na yi salati da ƙarfi, ina ta cewa fim ya ƙare, fim ya ƙare. Sanda ta faɗi. Ige ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Na dawo gida da ɓacin rai. Washegari da hantsi na zauna a zaure zan goge ɓarnar, don a koyarwar da na taso da ita, hoton da ya karkace shara ne. Na goge bakwai. A na takwas yatsana ya tsaya.

Hoton a karkace yake, rabin ƙwarya ya shigo ciki. Ige ta kwantar da kai gefen hagu, idonta ya ƙanƙance, ta kai bayan hannu ta rufe baki. Ban taɓa lura cewa haka take dariya ba. Ke na sani da ita. Haka kika yi ranar da na saka sabuwar riga a bai-bai na je ɗaurin aure na dawo ba wanda ya gaya mini.

Na san ba ke ba ce, ban ruɗe ba. Amma ina kallonsa sai sauran fuskar ta dawo da kanta: ɗan tabon da ke haɓarki, wushiryarki, yadda hancinki yake tattarewa. Na daɗe a zauren nan har aka kira azahar.

Kulu, ki yafe mini rowar da na yi miki. Da na san hoton kirki shi ne wanda mutum bai shirya masa ba, da na ƙone naɗi goma a bakin madafarki, kina gudu ina bin ki.

Na kira Ige a waya na faɗa mata gaskiyar abin da ya kai ni. Na zaci za ta yi mini tsiya. Sai ta ce, "Ka wanko biyu, ka kawo min guda. Ni ma na hwara mance ta."

An buga su jiya. Ranar Lahadi, in ƙafa ta yarda, zan kai mata nata da hannuna.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki makwanci, ya yafe miki kurakuranki. Allah ya sa in lokacina ya yi in cika da imani, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ni ne mijinki,
Malam Bello
Runjin Sambo, Sakkwato