Taka-baya da Ƙafar Musa

Zuwa ga Mai Filin Shawara,

Don Allah ka taimake ni. Ni mai gyaran keke ne a Madarumfa. Bara aka fara shigo da wata sabuwar cibiyar ƙafar baya mai birki a cikinta, sai ka mayar da feda baya keke ya tsaya cak. Mutane suka sa mata suna taka-baya. Na so ta ƙwarai, don ba ta da wayar da za ta tsinke.

Maigidana Ɗan Baba, wanda ya koya mini sana'a, ya ƙi ta ƙememe. Mun fi wata muna gardama a gindin itacen bedi. Shi yana ganin birkin da ya dogara da sarƙa ba birki ba ne, ni kuwa na yi masa dariya gaban jama'a, na ce tsufa ne ke damunsa. Don in nuna masa iyakarsa, duk wanda na sa wa taka-baya sai in cire masa birkin hannu gaba ɗaya. Mutum huɗu na yi wa haka.

Na farkonsu abokina Musa ne, mai kai kifin tafkin garinmu Maraɗi. Bayan Sallar layya yana gangarawa gulbi da kwando cike, sarƙa ta zame. Ya taka baya, babu komai, ya lalubi birkin hannu, babu shi. Ya karye a ƙugu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma har yau da sanda yake jan ƙafa, kai kifi kuwa ya ƙare.

Kowa ƙaddara yake cewa. Matarsa Larai kullum na je gaisuwa sai ta yi ta sa mini albarka, wai ni ne abokin da bai gudu ba. Wannan godiya tana ƙona ni. Ɗan Baba kuwa bai zarge ni ba, gara ma ya zage ni. Shin cibiyar ce mugun abu, ko ni ne? In faɗa wa Musa, ko in bar kaza cikin gashinta?

Naka cikin damuwa,
Mai gyara daga bakin tafki

Amsa

Ɗan'uwa, Allah ya ba Musa sauƙi.

A gardamarku kowa yana da rabon gaskiya. Taka-baya ba shara ba ce, tana jimrewa, ba ta yawan neman gyara. Amma Ɗan Baba ya ga abin da ba ka gani ba: in sarƙa ta faɗi, birki ya tafi tare da ita. Da ka bar birkin hannu, da cibiyar ta zama ƙari. Saboda haka kada ka ɗora wa ƙarfe laifi. Ba ka yi nufin cutar kowa ba, wannan gaskiya ne, amma don ka ci gardama ka cire birkin nan. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta wanke sakaci.

Ka faɗa wa Musa, ku biyu kawai. Yana iya yafewa, yana iya korarka, duka haƙƙinsa ne. In ya yarda, ka ba shi wuri a rumfarka ka koya masa gyara, aiki ne da ake yi a zaune. Ka kuma je wa maigidanka ka ce shi ne da gaskiya, bakinka ba zai goge ba.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan gaggawa, kuma na yi mamaki ba ka tambaye ni ba. Mutum huɗu ka ce. Ina sauran ukun? Yau ma wataƙila ɗayansu yana kan wannan gangaren. Ajiye jaridar nan, ɗauki birkunan da ka cire, ka bi su gida-gida ka mayar musu tun kafin ka kai ƙofar Musa.

Allah ya tsare su har ka iske su, ya kuma sanyaya maka zuciya.