Ɗan Ƙurjin Kan Biyar

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Wannan abu da kika bar mini ba waya ba ce, madubi ne. Babu maɓalli ko na rantsuwa. In na taɓa shi ya yi gum, in na sa a aljihu ya kira mutane da kansa. Shekara talatin ina walda, yatsuna sun yi kanta, gilashin bai ma san da zamansu ba. Ko kin kira, sai ta gama kukanta ban gano inda ake ja ba. Yau kwana tara ban ji muryarki ba, ni da nake kiranki kullum kafin in buɗe shago. Kin tafi da tsohuwar wai za ki kwashe lambobi. Ki ba direban da ya kawo wannan takarda ya dawo mini da abata.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, yara ma suna gaida kakansu. Gaskiya raina ya sosu. Waccan fa da roba aka ɗaure batirinta! Sau uku na nuna maka: ba sai ka rubuta komai ba, ka danna hoton makirufo ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Har haruffan na ƙara musu girma. Amma ba abin da ke iso mini sai hoton rufin shagonka, guda goma sha ɗaya. Ranar da Goggo ta sanar da rasuwar mijinta a zauren dangi na waya, fuskar dariya ka tura, ni na bi ina ba da haƙuri. Don Allah ka daure ka koya, ba wuya.

Sannan Baba, wannan ba rubutunka ba ne. Wa ya rubuta maka?

'Yarka mai biyayya.

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Maƙwabcina tela ne ke rubutawa, hannuna ke ciwo, kuma ba bincike na aika ki ba. Ke kin iya, mun ji. Waccan da kika raina, akwai ɗan ƙurji a kan lamba biyar. Da babban yatsana ya same shi na san inda kowa yake, ko tana cikin aljihu. Wannan kuwa sumul take ko'ina, ta ina mutum zai fara? In ba za ki dawo da ita ba, ki faɗa mini in haƙura da waya gaba ɗaya.

Mahaifinki.

Ƙari daga tela: 'yata, bai san na rubuta wannan ba, kuma ba zai gani ba. Hannunsa ƙalau. Idon ne. Tun bara hasken walda ya ci ƙarfinsa, da lalube yake gane ƙarfe, da murya yake gane mu. Ranar da kika nuna masa wayar kai kawai yake gyaɗawa. Tsoronsa ki sa a rufe shagon. Na gaji da rufa masa asiri, jiya saura kaɗan ya kama ƙarfe mai zafi.

Baba,

Ina gaisuwa. Ga wayarka nan, an sa mata sabon batir, robar kuma na bar maka ita. Sau uku ina nuna maka gilashi, ban dubi idonka ko sau ɗaya ba. Ka yafe mini. Ranar Litinin zan zo mu je wurin likitan ido, maganar shago sai mun ji daga bakinsa. Kada ka yi wa tela faɗa, shi ke karanta maka.

Na mayar da lambata kan biyar. Ka nemo ƙurjin, ka danna ka riƙe. Gobe da safe ina jira.

'Yarka.