Ƙusa Goma Sha Ɗaya a Taga Guda

Zuwa ga sanyin idona, raɓar safiyata, zaren da aka ɗinke raina da shi, inuwar da nake gudowa gare ta in wutar gidan burodi ta gama gasa ni tare da burodin. Matata, telata, wadda ta kwashe keken ɗinkinta ta koma falon Yayarta yau kwana tara, ta bar ni daga ni sai labule.

Gaisuwa mai yawan garin fulawar da ke cikin gashin kaina. Na san Yaya tana tsaye a bayanki tana leƙen wannan takarda ta kan kafaɗarki. To, Yaya, ina wuni, ya yara? A ɗan matsa, don Allah. Maganar ta miji da mata ce.

Ya farin watana! Ya kukan tsuntsun farko bayan ɗaukewar ruwa! Kin san ba da haƙuri ba sana'ata ba ce. Na yi faɗa da mai gidan haya, na yi faɗa da mai gidan burodi, na taɓa yin faɗa da littafi, na rufe shi na ce masa ƙarya yake. Saboda haka kafin in durƙusa, ki bar ni in jera masu laifi, don ba ni kaɗai ba ne.

Ta farko rana ce. Wane irin magini ne, wane maƙiyin ma'aikata, zai yi ɗaki da taga ɗaya tak, ya kuma juya ta gabas? In kwana ina kwaɓa fulawa don mutanen gari su sha shayi, in shigo ƙarfe bakwai na safe ƙafa tana rawa, ina sa kai a matashi sai ga rana ta faɗo ɗaki ba sallama, ta wuce kujera, ta wuce kekenki, ta zauna daram a kan fuskata kamar ita ta haife ni. Na rufe ido da tawul. Na rufe da hula. Na rufe da ɗankwalinki har kika ce na sa masa warin yis ɗin burodi.

Na biyu wani masani ne da ban san fuskarsa ba. A tsohuwar jaridar da muke shimfiɗawa ƙarƙashin faranti na tsinci rubutunsa, rabinsa duk maiƙo. Ya ce mai barcin rana sai ɗakinsa ya yi duhun da ba zai ga tafin hannunsa ba, ya ce haske ko da kamar kafar allura ne yana raɗa wa ƙwaƙwalwa cewa gari ya waye. Sau uku na karanta. Kin san makaranta ba ta riƙe ni ba, ni na koya wa kaina karatu da littattafan bakin titi, kuma ciwon irinmu ɗaya ne: ba mu da malamin da zai doki ƙeyarmu ya ce, kai, tsaya nan, ya isa.

Na uku mai labule. Allah ya isa tsakanina da bakin mutumin nan! Na shiga shagonsa da tef ɗinki na awo a aljihu, wanda na ɗauka ban tambaye ki ba. Ya saukar min da yadi kala-kala, kowanne da kirarinsa: wannan yana rage haske, wannan yana kashe shi, wannan kuwa, in ji shi, binne shi yake yi. Ni kuma na kunna tocilar waya ina kafa ta a bayan kowane yadi kamar likita yana duba ido. Yadi ruwan madara ya faɗi jarrabawar. Ruwan toka ya faɗi. Mai furanni, wanda na san da kina nan shi za ki shafa, ya faɗi tun kafin in kunna. Sai wani baƙi mai ninki uku, mai roba a bayansa, mai nauyin buhun fulawa, ya haɗiye tocilar ko gyatsa bai yi ba. Na ce yauwa, ga ɗan'uwana.

A nan, don gaskiya, mai labulen ya ce in haɗa da ƙarfe da zobba, don a riƙa ja ana buɗewa. Na yi masa dariyar mai ilimi. Na ce masa haske ta saman ƙarfe yake satar hanya, a rubuce yake, na karanta. Na dawo gida kina kasuwar zare, na ari guduma, na buga ƙusa biyar a sama, uku-uku a gefe. Goma sha ɗaya. Na ja da baya na duba tafin hannuna, ban gan shi ba, na ji kamar an ba ni digiri.

To, ga na huɗu, ya zumar da ba ta gundura. Ni ne. Mijin tela ya je ya zaɓi yadi bai tambayi telar da ke cin abinci kwano ɗaya da shi ba! Ko jaki da ya auri tela ai zai ce, uwargida, taɓa ki ji.

Kin tuna ranar da muka tare a ɗakin nan? Babu gado, babu kujera, sai akwati biyu da tsintsiya. Kika wuce kai tsaye gun tagar nan, kika ɗaga allura sama, kika kanne ido ɗaya, kika zura zare a karo guda, sannan kika juyo kika ce nan keke zai zauna. Hasken yana kan kumatunki, ƙura tana yawo a cikinsa kamar garin zinariya, ni kuwa ina riƙe da tsintsiya ina kallonki, na manta abin da ake yi da ita. Wallahi ina wurin. Na ji da kunnena. Ta yaya mutumin da ya haddace shafin jarida mai maiƙo ya manta kalma huɗu daga bakin matarsa?

Kin dawo kin tarar da kabari a inda kika bar ɗaki. Ba ki yi ihu ba, da ma kin yi! Kin dai ce ƙwan lantarki ba ya nuna gaskiyar launi. Ni kuma, shugaban masana, na ce haske ai haske ne, har na kawo miki bayani a kan yadda ido yake aiki. Sati biyu kina ɗinki ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa da tsakar rana, kina murza ido, ni ina minshari kamar injin niƙa. Sai ga malamar makarantar nan mai gilashi ta dawo da baƙin siket ɗinta. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta tsaya, a rana, gaban mai kanti da matan maƙwabta, ta ɗaga shi sama don kowa ya ga layin zare shuɗi mai duhu yana tafiya a jikin baƙi daga ƙugu har ƙasa, ta tambaya ko idon telar ya fara mutuwa ne. Ke! Ke da kike bambance fari kala bakwai! Shekara shida kina gina sunanki ɗinki bayan ɗinki, ni na rushe shi da gudumar aro a yini ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai, ban ji komai ba. Matar mai kanti ce ta ba ni labari daga baya, tana jin daɗin kowace kalma. Ban ji zuwan mijin Yaya da motarsa ba, ban ji fitar keke ba. Labulen ya yi aikinsa, Allah ya tsine masa albarka. Na farka bayan azahar ina lalube, ƙafata ba ta buge ƙafar keke ba kamar kullum. Na kunna fitila, sai tabo huɗu a kan leda inda ƙafafunsa suke zama, da 'yar takardarki a kan matashi: kin je ƙarasa aikin mutane a gidan Yaya, can akwai taga. Can akwai taga! Na karanta littattafai masu kauri, babu wanda ya taɓa marina kamar layin nan.

Yanzu ki ji abin dariya, Yaya ma ta ji, na yafe mata. Na samu duhun da masani ya yi alkawari. Na samu shiru. Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Ashe ba duhu ke sa ni barci ba, ƙarar kekenki ce: taka-taka-taka, ki tsaya, almakashi ya ce ƙyas, ki yi ɗan tsaki in zare ya tsinke, ki ci gaba. Wannan masanin bai rubuta shi ba, ko kuwa yana cikin rabin da maiƙo ya cinye. Shekaranjiya na ƙona faranti biyu na burodi a tsaye, ido buɗe. Mai gidan burodin ya ce ko in gyara gidana ko in gyara hanyata.

Jiya na cire ƙusoshin. Bango ya biyo uku daga ciki, mai gidan haya zai yi magana, ina jiransa, na tanadi amsa. Na koma wajen mai labule na sunkuyar da kai na karɓi ƙarfe da zobba. Murmushi kawai ya yi, irin wanda ya fi zagi. Amma ban mayar da shi taga ba. A silin na kafa ƙarfen, daga bango zuwa bango, a gaban gado. Yanzu baƙin labulen gado kaɗai yake rufewa. Duhun nawa ne, ni na saye shi, ni zan shiga cikinsa in ja abina. Taga taki ce, tsirara take, ko gizo-gizo na kore. In kina son labule a kanta, ke za ki zaɓa, ko mai furanni ne, ko mai hoton agwagwa, zan riƙe miki jaka in yi shiru. Shirun zai yi min wuya, amma zan yi.

Sai dai labulen ya yi tsawo, yana jan ƙasa. Na gwada kalmasa shi da allurar da kika manta. Na soki yatsa huɗu, kuma ɗinkin ya fito kamar sawun kaza a taɓo. Ba na roƙon ki yafe min yau, ya ruwan sanyina. Ki zo kawai ki ga wannan kalmasa. Na san ki: ba za ki iya kwana a gari ɗaya da ita ba.

Ban share tabo huɗun nan ba, ina zagaye su in zan wuce. Da safe rana tana shigowa ta kwanta a tsakaninsu tana jira. Yau shekara biyu muna gaba da ita, sai ga shi mun zama 'yan layi ɗaya.

Naki har ranar da za a ja min labulen da ba shi da zobba,

Mijinki, mai warin yis, mai yatsa huɗu a ɗaure.

Tef ɗinki yana wurina. Ba zan aiko da shi ba.