Rubutu a Jikin Tsintsiya

Dudunni, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Yakubu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki, da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Ina amaryarka, Anti Sharifat? Mu nan lafiya lau. Gero ya fitar da kai, wake ya yi yaɗo, tunkiyarka ta haifi biyu, na sa ma mai ƙaton kunnen sunanka.

Saƙonka ya iso, cewa bayan girbi za ka kawo Anti ta yi sati uku da mu. Tun ranar kakarmu Babba ba ta zauna ba. An yi ma ɗakinka yaɓe, an ɗaure kaji huɗu. Sai da na gaya mata Anti ba ta jin Hausa, sai yarensu na Auchi da Turanci, sannan ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita ta goye ka tun rasuwar Inna, kuma in matarka ta zo ta zauna kamar kurma, ta koma ba ta ji daɗinmu ba, to 'ya'yanka ba za su san hanyar Dudunni ba. Ban taɓa ganin ta ajiye goro ba ta ci ba sai ranar.

Shi ya sa ranar kasuwa na bi mota zuwa Kankia wajen Malama Ruqayya, ɗiyar Goggo mai koyarwa a firamare. Na ce ta ba ni Turancin tsakar gida kawai, ban son na gwamna. Tana faɗa ina rubutawa da ajamina. Tsintsiya burum ce, shara suwif, wanki wash, girki kuk, ruwa wota, tukunya fot, wuta faya, gishiri sol. Ta yi dariyar rubutuna har da riƙe ciki, na ce mata ai ita ma ba ta iya karanta shi, mun yi daidai.

Matsalar ɗaya ce. Babba ta ce ba za ta zama ɗalibata ba, ni da tuwona ke gudaji. Amma ina da dabara, kar ka tambaye ni.

Bube mai cajin waya zai ɗauki hoton takardar nan ya turo maka. In ka ga ta yi duhu, babban yatsansa ne.

Ƙanwarka,
Adama.

Dudunni, ranar Asabar.

Yaya Yakubu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kai da Anti kuna lafiya. Kafin ka ci gaba, ka yi alkawarin ba za ka kira Baffa Malam ba, don ya riga ya yi mani faɗan da ya isa mutum uku a wayar Bube.

Ga dabarar. Malama Ruqayya ta ce a makarantarsu suna liƙa sunan abu a jikin abu. Sai na yayyanka takarda, na rubuta da tawada, na ɗaura burum a ƙugun tsintsiya, fot a wuyan tukunya, wota a bakin randa, har guda tara. Niyyata Babba ta gani ta tambaya. To, da ta fito ta tsaya kan tsintsiyar ta yi salati, sai shaiɗan ya ce mani in yi shiru in ga ƙarshen abin.

Ka san Babba ba ta karatu, amma ta san baƙaƙen allo, kuma ba ta taɓa barin takarda mai irin rubutun nan a ƙasa ba. Alwala ta yi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwancewa da bisimilla, ta naɗe a farin ƙyalle. Tsintsiyar kuwa ta ɗora ta bisa rumbu, wai ta taɓa rubutu, ba za a kai ta ga kashin kaji ba. Kwana biyu ina zaune ban yi shara ba. Yaya, ban taɓa jin daɗin ilmi irin na kwana biyun nan ba.

Abin da ban sani ba, ita a ranta ta ɗauka wani ne ya yi ma gidan sammu don kada amaryarka ta zauna. Ta daina shan ruwan randar. Ranar Alhamis ta yafa mayafi ta hau mashin har Kusada, ta kwance ƙyallen gaban Baffa Malam Ashiru, ga manyan ɗalibansa zaune. An ce ya ɗauki ta farko ya karanta da ƙira'a, ya juya ta, ya ce wannan ba Larabci ba ne, ba Fillanci ba. Wani ɗalibi da ya yi boko ya ce Allah gafarta Malam, tsintsiya ce da Turanci. Sai Baffa ya ƙara duba, ya ce ya san mai wannan karkataccen harafin wawun, shekara shida yana dukan hannunta bai miƙe ba.

Sun yi dariya a zauren. Babba ba ta yi ba. Ta dawo ba ta zage ni ba, ba ta jefe ni da mafici ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Yau kwana biyu ba ta kira ni uwar gudaji ba, Adama take ce mani kamar baƙuwa. Jiya na ji tana gaya ma Goggo a ce maka ka bar matarka can, tsohuwar da aka yi ma dariya a zaure ba ta da abin da za ta ce ma 'yar boko.

Kar ka fasa komi tukuna. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ka sa ni a addu'a, amma kar ka gaya ma Anti irin ƙanwar da ke gare ka.

Taka,
Adama.

Dudunni, ranar Laraba.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aiki? Mun fara yankan gero, bayana kamar an yi mani sussuka.

An shirya. Na durƙusa ƙofar ɗakinta da ƙwaryar fura, na ce ta yafe mani. Ta ce ba dariyar ta dame ta ba, kwana biyun da ta yi tana zargin maƙwabta a ranta su ne nauyin da na ɗora mata. Wannan maganar ta shige ni, na yi kuka na gaske, ba irin wanda ka sani ba.

Baffa ya zo da kansa ranar Lahadi, sati biyu da suka wuce. Ya ce abin da na rubuta ba aya ba ne, amma baƙin allo yana da girma, kar in ƙara liƙa shi a tsintsiya ko kusa da makewayi. In karatu ake so, a yi shi inda ake karatu. Ya ba Babba sabon allo wanda ba a taɓa rubutu a kai ba, ya ce ta fara, shi ma yana son ya ji.

Yanzu kullum bayan la'asar muna zama gindin dalbejiya. Ina rubuta mata kalma biyu, in biya, ta biya tana rausaya kai yadda muke yi da hadda. Ba a wanke allo sai ta kawo ba tuntuɓe. Na tsinko karan gero na ajiye gefe a matsayin bulala, ta ce in na ɗaga shi sai ta nuna mani ita ta haifi ubana. Ta riƙe wota, ta riƙe faya, ta riƙe kuk. Da ta ji bokiti kusan haka yake a Turanci, ta ce ashe Turawa ma suna ɗaukar kayan mutane. Suwif ne ya ba ta wuya, kwana huɗu tana kansa.

Ta sa na koma Kankia na karɓo mata guda biyu da ba su cikin lissafina: yadda ake cewa zauna, da yadda ake cewa sannu da zuwa. Sit dawun, da welkom. Awaki duk sun haddace, don su take gwada ma.

Ka kawo Anti. Ka taho mani da takalmi, lada na malanta.

Malama Adama.

Dudunni, ranar Jumma'a.

Yaya Yakubu,

Sallama. Ina fatan ka isa Fatakwal lafiya. Ka tafi ka bar mu da Anti kana ta waiwaye, to ga labari, ka kwantar da hankalinka.

Ka dai ga welkom ɗin da aka yi a gabanka. Bayan tafiyarka sai sit dawun ya karɓi gida. Anti ta taɓa bokiti, sit dawun. Ta nufi madafa, sit dawun. Babba ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ana kai mata kaza ana kai mata fura, ita kuwa tana zaune tana kallonmu muna kai da kawo. Kwana na biyu na leƙa ɗaki na tarar tana share hawaye, jakarta ko kwancewa ba ta yi ba. Na kira Malama Ruqayya a wayar Bube suka yi magana. Ashe a garinsu, matar ɗa da aka hana taɓa aiki, ana nufin ba a karɓe ta ba.

Na gaya ma Babba. Ta ce to mu ma nan haka ne, baƙo ake zaunarwa, ita tsoro ne ya sa ta manta.

Da safe, bayan an sha koko, ta sa aka sauko da tsintsiyar nan ta bisa rumbu, wadda tun rikicinmu ba a ƙara taɓa ta ba. Ta taka har bakin tabarma, ta gyara tsayuwa kamar mai kawo hadda, ta miƙa mata ta ce, "Suwif."

Anti ta dubi tsintsiya, ta dubi Babba, sai ta yi tsalle ta karɓa hannu biyu, ta ce, "Sin-siya! Na gode, Babba." Ta zaro wata takarda daga haɓar zaninta, cike da Hausa da rubutun boko, kuma na gane hannunka. Wato kai ma makaranta ka buɗe can, ka bar ni ina ta zufa? Za mu haɗu.

Ta share tsakar gida har ƙofar zaure. Yanzu tare suke wuni a madafa, wannan ta nuna abu ta faɗi nata, waccan ta faɗi nata. Anti ta yi mana miyar garinsu, barkono ya sa Babba ihun wota, wota, amma ta suɗe kwanon. Tuwon Anti na farko ya yi gudaji, aka ce ya yi daɗi. Nawa shekara biyar ba a taɓa cewa haka ba.

Jiya Babba ta fito da ƙyallen nan mai takarduna tara, ta ba Anti, ta yi mata nuni da hannu cewa ta ajiye ma yaran da za su zo. Anti kuma ta ce in gaya maka sati uku ya yi kaɗan, sai an gama sussuka za ka zo ɗaukarta.

Ni kaɗai na yi asara. Turancin da na sha wuya na kawo gidan nan, kaina yake ƙarewa. Yanzu haka su biyu suna zaune kan sabuwar tabarma, sun tara mani kwanoni, suna haɗa baki suna kira: "Uwar gudaji, wash!"

Bari in tashi. Ka gaida kanka, takalmin ya matse ni amma ban bayarwa.

Ƙanwarka,
Adama.