Wai Ta Tsame Kifin

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal?

Ka san jikin ƙanwarmu Ummi ba ya ɗaukar kifi. Ranar kasuwa muka tsaya cin tuwo a wata rumfa kusa da tashar Haɗeja. Sau uku na ce wa mai abincin a ba ta miyar da kifi bai taɓa ba. Loma biyu Ummi ta yi, leɓenta ya kumbura, numfashinta ya sarƙe, ta faɗi tana dafe wuya. Matar ta ce wai ai ta tsame kifin kafin ta zuba.

Ban san lokacin da na shure tukunyar ba. Mijinta ya rotsa mini kai da itacen murhu, ni kuma na zubar masa da haƙori. Ummi ta farfaɗo a asibiti, ni ɗinki shida aka yi mini.

Jiya matar ta aiko wa Ummi abincin ban haƙuri. Miyar nan ce dai, ta sake tsame kifin.

Ka gaida kowa, ka roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyata, don gobe da kaina zan mayar mata da kwanonta.

Ƙaninka,
Bala