Karen da Ya Zauna a Wurin Babanki

Ban Nong Kham, 9 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Noina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Ya aiki, ya tsayuwar masana'anta a Taiwan? Ciwon bayan nan ya sake ki? Ki riƙa cin abinci na gaske, ba taliyar leda ba. Mu nan ƙalau muke, ruwa ya sauka sosai, shinkafa ta yi kore shar.

Albishirinki, Makham ya dawo. Bayan mako shida cif a makarantar karnuka ta Khon Kaen, ranar Talata Malama Ratri, wadda ta horar da shi, ta kawo shi a bayan mota. Da ƙyar na gane shi. Karen da ke tsallake shinge kamar akuya ya sauko a natse, ya zauna gefen ƙafarta yana kallon bakinta. Ranar da kika ce za ki biya a kai kare makaranta na yi miki dariya a waya, na ce ni da na haife ki ma aji huɗu na yi. To na janye dariyata. Na gode, 'yata.

Maganar mai gari tana nan yadda kika san ta. Tun safiyar da Makham ya daka tsalle ya ka da Luang Ta, tsohon limamin haikalinmu, yana cikin zagayen karɓar sadaka, hannun tsohon bai gama warkewa ba. Jiya mai gari Prasit ya leƙo ya ce, "Yaya Lamduan, ba ni da gaba da karenki. Amma ranar bikin fitar limamai daga zaman damina, ki fito da shi bakin hanya kowa ya gani. In ya natsu, shike nan. In ya sake, gonar robar surukina zai tafi, can ko sarƙa ce." Saura wata biyu ke nan.

Ashe ni ma makarantar za a sa ni. Awa uku Malama Ratri ta tsare ni a tsakar gida. Ta ce in faɗi kalma sau ɗaya tak, kada in maimaita. Ta ce safe da yamma in yi masa bita, minti goma-goma. In an shimfiɗa tabarmar abinci in ce "Wurinka", ya tafi kan buhunsa a ƙarƙashin matakala, kuma ko ƙwayar shinkafa kada ta fita daga tabarma zuwa bakinsa. Ta ce, "Mama, abin da na gina a mako shida, kina iya rushe shi a kwana uku." Yarinya ƙarama, ko kai kafaɗata ba ta yi ba, amma murya kamar ta soja. Na ce mata ni na raini 'ya'ya uku, kare ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ki gaida abokan ɗakinki. Albarkar Buda ta tsare ki.

Mahaifiyarki,
Lamduan

Ban Nong Kham, 14 ga Satumba

Noina 'yata,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya, kuma guguwar da muka gani a labarai ba ta taɓa garinku ba. Na sami maganin gwiwa, yana yi mini aiki.

Sau biyu kika kira kina tambayar Makham, sau biyu na ce komai daidai. Ƙarya na yi. Ba zan iya faɗa miki kina kallon fuskata a waya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna yaushe karen nan ya shigo gidanmu? Ranar sadakar kwana ɗari ta babanki. Muna dawowa daga haikali muka tarar da ɗan kwikwiyo kwance a gindin tsamiya, daidai inda babanki yake saƙa kwandon kifi. Ban faɗa wa kowa ba sai maƙwabciyarmu Buasri, amma tun ranar zuciyata ta ba ni cewa shi ne aka sake haihuwa. Ki yi dariya in kina so. Ke ba ki ji yadda yake ajiyar zuciya in zai kwanta ba, ko yadda yake kau da kai in na fara mita.

Kwana huɗu na bi dokar Malama. Ran na biyar na daka kwaɗon ɗanyar gwanda da tsimammen kifi, irin yadda babanki yake so. Na zauna ni kaɗai a tabarma, shi yana can kan buhu ya ɗora haɓa a ƙafa yana kallona. Na ce a raina, mutumin da ya noma wannan shinkafar shekara arba'in, yau shi ne a ƙarƙashin matakala? Na dunƙula loma, na tsoma a romo, na kira shi. Ya zo ya zauna a hannun damana, wurin babanki.

Daga nan komai ya kwance. Bakina ya kasa ba shi umarni. Sai in ji ina cewa, "To ka ɗan kwanta mana, ka ji? Haba, ka kwanta." Sau biyar, sau shida. Shi kuwa ya yi hamma. Buasri ta jiyo ni ta shinge ta ce, "Lamduan, wannan horo ne ko zawarci?" Ban kula ta ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya fizge igiya daga hannuna ya bi mai tallan taliya. Babur ɗin mutumin ya karkata, romo ya malale a hanya. Ba wanda ya ji ciwo, amma a gaban mai gari aka yi. Ya dube ni, ya dubi karen, ya wuce. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na kira Malama Ratri ina kuka. Washegari sai ga ta a motar haya, ranar hutunta. Ta ce wa Makham "Kwanta", ya zube nan take, munafuki. Ta juyo ta ce, "Karen lafiyarsa lau. Mama, me kike yi masa?" Na so in ɓoye, amma ta ga gashinsa a tabarma. Na faɗa mata komai, ina jiran ta yi dariya irin ta 'yan birni.

Ba ta yi ba. Ta ce kakarta ma haka ta yi da wata kyanwa. Sannan ta ce, "Ni ban san ko shi ne ba, wannan ba karatuna ba ne. Amma mu ce shi ne. Kina so mijinki ya ƙare rayuwar nan ɗaure da sarƙa a gonar roba, don kin ji kunyar ce masa ya kwanta?"

Noina, tun da nake ba a taɓa faɗa mini magana ta shige ni haka ba. Na tashi na cika mata leda da ayaba da busasshen kifi, ta ce ba ta so, na tura a jakarta da ƙarfi.

Mun koma farko. Yau kwana shida ina cewa "Wurinka" sau ɗaya, ya tafi, in ci abincina ina juya masa baya. Da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Saura mako uku da 'yan kwanaki. Ki yafe mini ƙaryar da na yi miki.

Taki,
Mama

Ban Nong Kham, 11 ga Oktoba

'Yata abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da duk wanda ke kyautata miki a can. Na san Buasri ta riga ni, ta aika miki hoto, amma hoto ba ya ba da labari, kuma ita in ta ba da labari rabi ƙari ne.

Mako ukun nan ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Kullum da sassafe nakan tsaya da shi nesa da hanya lokacin da limamai ke wucewa, kowace rana in matso taku biyu, kamar yadda Malama ta koya mini. In ya natsu in ba shi ɗan busasshen hanta daga aljihuna. Duk rigunana yanzu warin hanta suke yi.

Ranar biki gari duka ya fito. An jera tabarmi tun daga ƙofar haikali har shagon mai gyaran babur, kowa da kwandon shinkafarsa mai danƙo, ga soyayyar kaza, ga ƙunshin ayaba. Ni ina durƙushe, Makham na zaune a gefena, igiya a hannuna na hagu. Mai gari ya zo ya tsaya bayana, wai inuwa yake nema.

Limamai tara suka taho a jere, ba takalmi, Luang Ta a gaba yana tafiya a hankali. Saura taku kamar goma sai iska ta kaɗa gefen mayafinsa. Na ji igiya ta miƙe. Makham ya tashi tsaye, kunnuwa a sama, ƙafafun baya sun fara rawa. Na san wannan rawar, ita ya yi ranar da ya ka da tsohon. Matar da ke kusa da ni ta janye kwandonta.

Lallashin nan ya taho mini har bakin harshe. Na haɗiye shi. Na ce, "Kwanta." Sau ɗaya. Muryar da ta fito ban san ina da ita ba, har jikar Buasri ta zauna daɓas. Makham ya waiwayo ya dube ni. Ban kau da ido ba, ban ƙara ko kalma ba. Ya kwanta.

Luang Ta ya tsaya a gabana, yatsun ƙafarsa kusa da hancin karen. Na sa shinkafa a kwanonsa. Kin san ba sa magana a zagaye, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Duk taran suka wuce, Makham bai ɗaga ko haɓa ba. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "To, surukina sai ya nemi wani mai gadin." Buasri ta ce, "Ka gaya masa ya ɗauke ka gadin, kai ma ba abin da kake yi." Aka kwashe da dariya, ni kuwa hawaye.

Na kira Malama Ratri na yi mata godiya har ta gaji ta ce in bari, kuma kada in kuskura in daina bita. Ba zan daina ba. Ke kuma ban san da wane baki zan gode miki ba. Kina can kina tsayuwa awa goma sha biyu, amma ba ki ce tsohuwa ta haƙura da kare ba.

Akwai abu ɗaya da Buasri ba ta sani ba. Da la'asar na tsinko furanni na tafi haikali, wajen katangar da aka ajiye tokar babanki. Noina, shekara biyu rabona da wurin. Ina cewa me zan je yi, ga shi a gida. Na tarar hotonsa ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Na ji kunya ƙwarai. Na ce wa Makham ya kwanta a bakin ƙofa, na shiga ni kaɗai, na goge hoton da gefen zanena, na zauna na ba babanki labarin komai, har da ke, har da romon mai taliya. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ƙona shi.

Na daɗe sosai, har rana ta yi ja. Da na fito, karen yana nan kwance inda na bar shi. Na kira shi da sunansa, muka taho gida.

Ki kula da kanki, ki ci abinci.

Mahaifiyarki mai godiya,
Lamduan