Shinkafar Lau Ba Ta Zuwa Kanada

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya aiki, yaya baƙunta da sanyin Kanada? Mu a Sintali lafiya lau, ƙafar Mama ma da sauƙi.

Bana ruwa ya cinye gonar Kawu Ishaku a Lau, buhun shinkafar da yake aiko mana kowace kaka bai zo ba. Ranar Asabar na shiga kasuwa sayen shinkafa, mai awo ya ce, "Madam, mudu nawa?" Da girmana ban san abin da gidanmu ke ci a wata ba, don ban taɓa saya ba.

A hanyar dawowa na tuna lissafin da muka yi kafin ka tafi. Mun sa kuɗin haya, da na mota, da rigar sanyi, da abin da za ka riƙa turo wa Mama. Abinci kuwa babu wanda ya ambata, mun saba yana zuwa daga gona. Ashe shi ya sa duk kiran bidiyo da ka yi wuyanka na ƙara tsawo, kana ce mana hasken waya ne.

Kada ka turo komai wata mai zuwa, Mama ta yarda. Ka sake lissafi, ka fara da cikinka. Can ba ka da Kawu.

Ka sa mu cikin addu'a, musamman shi Kawun. Mama na gaishe ka, ta ce ka kira ta kana cin abinci, ta gani da idonta.

Yayarka,
Rifkatu